Lakar da Baba Ya Tara

Litinin 4 ga Agusta, da hantsi

Mun dawo da Baba gida daga asibiti. Ni na goya shi daga bakin get har ɗakinsa, don keken guragun da aka ba mu ba ya tafiya a taɓon Narayi. Mutumin da ya taka tuddan rairayin Yobe da ƙafarsa, yau nauyinsa bai kai buhun masara ba. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Idon dai yana nan yadda na san shi, yana bin mutum har ya fita daga ɗaki.

Da na kwantar da shi sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna wajen ɗakin baya. Yaya Rebecca ta ce fitsari yake ji. Ba fitsari ba ne. Na je na buɗe ɗakin na leƙa, na dawo na ce, "Suna nan lafiya, Baba, rufin bai yi yoyo ba." Sai ya sauke hannun.

Yaya ta zo daga Abuja da hutun da ofis suka ba ta. Tun da ta sauka, Emma ɗebo, Emma kawo, Emma ba haka ake yi ba. Kamar ba ni nake zaune da shi tun rasuwar Mama ba.

Talata 5 ga Agusta, da yamma

Gwaggo Damaris, yayar Baba, ta iso daga ƙauye da kaza da ƙullin acca. Ta yi kuka, ta yi addu'a, ta ci abinci, sannan ta fara zagaya gida tana shinshina. Ta tsaya a ƙofar ɗakin baya.

"Kai Emma, me ke wari a nan kamar bakin rafi?"

Na ce aikin Baba ne, Gwaggo.

"Buɗe in gani."

Na buɗe. Kanta ce daga ƙasa har sama, bututan roba a kwance a kai, kowane an naɗe shi da leda, an shafa jan fenti a bakin da yake sama. A cikinsu laka ce. Baba farfesa ne na ilimin ƙasa. Duk rayuwarsa huda ƙasa yake yi, a Tafkin Chadi, a fadamun Nguru, a bakin kogin nan namu, ya zaro laka doguwa yadda take a kwance, ya duba ya gane yadda ruwan sama da fari suka yi ta canji tun kafin a yi mutanen da muka sani. Da ya yi ritaya aka ce za a mai da sito ɗinsa ofis, shi ne ya kwaso su gida. Wasu bai gama dubawa ba.

Gwaggo ta kama baki. "Ƙasar mutane ce wannan duk? Ya roƙa kafin ya ɗiba?"

Na ce ban sani ba.

"To ni na sani. Tun yana saurayi na gan shi yana ɗanɗana ƙasa da harshe, na faɗa wa Inna. Ƙasa da masu ita a kwance a ciki, ka ɗebo ta ka ɗaure a leda ka kwana da ita a gida? Ai dole bakinsa ya ɗaure."

Ɗanɗanawar don ya ji ko da yashi a ciki ne, ya taɓa gaya mini. Na ja ƙofar na rufe.

Alhamis 7 ga Agusta, da rana

Gwaggo ta ce har kazar ta ƙi cin tsaba saboda ɗakin.

Juma'a 8 ga Agusta, bayan na ajiye keke

Na fita aiki rabin yini da kekena na haya mai ƙafa uku, Narayi zuwa Kakuri, Kakuri zuwa Narayi. Ruwa ya cinye titi, fasinja sai masifa suke yi kamar ni na haƙa ramukan. Wani ya ce in yi sauri, na ce masa sauka ka yi da ƙafa. Ban taɓa faɗa wa fasinja haka ba.

A tasha na kira Dokta Jamila. Ɗalibar Baba ce, yanzu ita ma tana koyarwa a jami'a. Kowace Kirsimeti sai ta aiko masa da kilishi. Da na gaya mata halin da ake ciki sai ta ce, "Emma, don Allah kada kowa ya taɓa su. Ko tsaye kada a tsayar da su. Ina daji da ɗalibai, da na dawo zan nemo doguwar mota in zo in kwashe. Ka riƙe mini su."

Na ce zan riƙe.

Na tuna ranar da Baba ya buɗe mini ɗaya. Lokacin na riga na bar makaranta, ya daɗe ba ya yi mini magana sai ta dole. Ranar dai ya kira ni in riƙe masa fitila. Ya nuna mini wuri baƙi, ya ce nan ruwa ya yi yawa. Ya gangara kaɗan ya nuna wuri fari, ya ce nan tafkin ya ƙafe, iska ta kawo rairayi. Ya ciro wani ɗan ɓawon katantanwa da bai kai ƙwayar gero ba ya ɗora mini a tafin hannu. "Inda raƙuma ke tafiya yau," in ji shi, "dorinar ruwa ta taɓa yin wanka." Na ce to me amfanin sani? Ya ce, "Don idan ta sake juyawa kada mu ce ba a gaya mana ba. Riƙe fitilar da kyau mana."

Ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

Lahadi 10 ga Agusta, bayan sujada

Fasto ya biyo ya gai da Baba. Gwaggo ta ja shi har ƙofar ɗakin baya. Ya duba ya ce, "Mama, wannan aikin boko ne, babu komai a ciki. Mu dai ci gaba da addu'a, a ba shi magani a kan lokaci." Yana fita ta ce yaron birni ne, ko gemun kirki bai da shi, ina ya san ƙasa.

Sai ta juyo kaina. "Gobe ka loda su a keken nan naka, ka kai kogi ka kwance ka zuba. Ruwa ya mai da kowace inda ta fito."

Na ce kogin Kaduna ba ya zuwa Chadi, Gwaggo.

"Ji ɗan banza! Kai da ka kasa aji uku, yau kai za ka koya mini hanyar ruwa?"

Yaya tana zaune tana latsa waya. Ta yi digiri biyu. Da kuɗin aikin lakar nan aka yi mata su. Na jira ta buɗe baki, na jira, ba ta ɗago ba.

Na sayo kwaɗo na sa wa ɗakin. Makullin yana wuyana.

Litinin 11 ga Agusta, da safe

Ya nuna. Na leƙa. Suna nan lafiya, Baba.

Laraba 13 ga Agusta, da azahar

Kunu ya sarƙe shi jiya. Ya yi ta tari har leɓɓansa suka canza kala. Mun koma asibiti. Likita ya kira ni da Yaya gefe ya yi mana bayani a hankali, da Turanci, sannan ya maimaita mini da Hausa wai ko ban gane ba. Na gane tun farko. Ba zan rubuta ba.

A hanyar dawowa Yaya ta zauna a bayan keke ta rungume kansa. Na ga fuskarta a madubi. Na juya madubin.

Juma'a 15 ga Agusta, da yamma

Gwaggo ta daina yi mini magana, sai dai ta yi wa bango. "Wasu sun fi son laka da ubansu." "Wasu suna jira ne a raba gida." Ni da nake canza masa zanin gado. Ni da nake juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ita ko kwanon kashinsa ba ta taɓa ɗauka ba, wai ba ta iya ganin ƙaninta a haka.

Amma yau na same ta zaune a gefensa tana shafa masa man kaɗe a ƙafa, tana yi masa waƙar yarenmu, wadda ni ban iya ba. Hawaye na bin gefen idonsa. Na koma da baya. Da a ce muguwa ce da abin ya fi mini sauƙi.

Na kira Dokta Jamila, ba ta shiga.

Lahadi 17 ga Agusta, da la'asar

Yaya ta same ni ina wanke keke. Ta tsaya a gefena ta ce, "Ƙanina."

Rabon da ta kira ni haka har na manta.

"Ni ma ban yarda da maganar Gwaggo ba. Amma ka ji abin da likita ya ce. Idan abin ya faru lakar nan tana cikin gida, har mu mutu dangi za su ce mu muka kashe shi. Ni zan koma Abuja, kai za su ci da baki. Mu fitar da su daga gidan kawai. Mai shagon siminti na bakin layi ya ce zai ba mu wuri a rumfarsa."

Na ce Dokta ta ce kada a taɓa.

"Ba za a zubar da ko cokali ɗaya ba. Na rantse maka da kabarin Mama. Kogi dai ba za su je ba."

Na ce a bari sai ina nan. Ta ce to. Na ce a kwance ake ɗauka, bakin da ke da jan fenti duk gefe ɗaya. Ta ce to, ba ni makullin in share ɗakin tukuna, ƙura ta yi yawa.

Na cire daga wuyana na ba ta.

Litinin 18 ga Agusta, da magariba

Ba zan iya ba yau.

Talata 19 ga Agusta, da hantsi

Ban fita aiki ba. Bari in rubuta ko ƙirjina zai sauka.

Jiya na yi lodin wata mata zuwa Unguwar Sanusi, ruwa ya tsare ni. Da na dawo na ga bututai a tsakar gida, an jera su a jikin bango suna ɗigar ruwa, an wanke su tas. Leda ta cika kwata. Leburori biyu suna wanke hannu suna dariya, ɗaya ya ce, "Oga, wannan laka taka ta yi kyau da yaɓe."

Yaya ta fito da fara'a. Da fara'a! Ta ce bututan sun fi rumfar tsawo, Gwaggo kuma ta dage sai an kwance ƙasar ta sha iska, shi ne ta ga a haɗa biyun. An kwance, an kankare da cokalin magini, an zuba a buhun siminti. "Duk tana nan, Emma. Na tsaya a kansu, ko ɗigo ba su zubar ba. Har na rubuta a jikin buhunan, ka gani, wannan Chadi, wannan Nguru."

Na je rumfar. Na sa hannu a buhu. Baƙi da fari sun zama toka-toka.

Na dawo na tsaya a gabanta. Tana cewa mene ne, mene ne, ai na cika alkawari. Ta cika kuwa. Na je bayan gida na ɗauki bokiti na buga shi da bango har ya tsage.

Guda uku suka rage a kanta ta sama. Murfinsu ya ƙi buɗuwa, leburorin suka ce sai gobe su zo da zarto. Na sauko da su na tura ƙarƙashin gadona. Yau da suka zo na tare su a get. Ban san me suka gani a fuskata ba, ko sallama ba su ƙarasa ba.

Laraba 20 ga Agusta, da safe

Ya nuna. Na je na tsaya a ƙofar ɗakin, na dawo. Suna nan lafiya, Baba.

Ya daɗe yana kallona kafin ya sauke hannun.

Alhamis 21 ga Agusta, da safe

Suna nan lafiya.

Juma'a 22 ga Agusta, da yamma

Dokta Jamila ta zo da doguwar mota da ɗalibai biyu da katifu na shimfiɗawa a ƙasan motar. Katifu, don kada lakar ta girgiza a hanya. Da na ga katifun nan sai na ji kamar in shige ƙasa.

Na kai ta rumfar. Ta buɗe buhu ɗaya, ta duba, ta rufe. Ta buɗe na biyu. Ba ta buɗe na uku ba. Ta zauna a kan bulo ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Yaya ta biyo mu tana cewa, "Dokta, komai yana nan, an rubuta sunan kowane wuri."

Dokta ta ɗago ta ce, "Anti, ba ƙasar muke karantawa ba, jerin muke karantawa. Wace ce a ƙasa, wace ce a sama. Yanzu ko ni ko Farfesa babu mai iya mai da ita."

"To a koma a sake ɗebowa mana."

"Wurin da aka ɗebo na Chadi, tun kafin a haifi Emma, yanzu ko soja ba ya kwana a can. Na bakin kogin nan kuma masu yashi sun kwashe gaɓar gaba ɗaya. Babu inda za a koma."

Yaya ta dafa bango. Ta kalle ni ta ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Na ce na ce miki a kwance. Ta ce, "Ba ka ce don me ba." Haka ne. A gidan nan ba a tambayata don me, ni ma na saba ba na faɗa.

Na fito da ukun. Dokta ta karanta rubutun jikinsu ta ce biyu na Nguru ne, ɗaya na Chadi, mai zurfin, wanda Farfesa bai taɓa buɗewa ba. Ta rungume shi kamar jariri har mota. Ta ce za ta yi aikin, sunansa ne zai zo farko.

Ta shiga ta gai da Baba. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na zo." Ya kama hannunta ya nuna ɗakin baya. Ta ce, "Na gani, Malam, zan kula da su." Ba ta yi ƙarya ba. Ta iya magana, ba kamar ni ba.

Asabar 23 ga Agusta, da rana

Yaya ba ta ci abinci ba tun jiya. Ta same ni a kicin ta kama rigata. "Don girman Allah kada ya sani. Ka bar shi ya tafi da ransa a kwance. Ka ci gaba da ce masa lafiya."

Wato ni zan ci gaba da yi masa ƙarya kowace safiya, ita ta koma Abuja. Gwaggo tana tsakar gida tana rabon bututan, wai maƙwabta za su yi magudanar ruwa da su.

Lahadi 24 ga Agusta, da safe

Ya nuna. Na ce suna nan lafiya. Bai sauke hannun ba. Na sake faɗa. Ya bugi katifa da hannun, ya nuna bayana, ya nuna ɗakin. So yake in goya shi.

Na ce ana ruwa, Baba. Ba a ruwa. Yana ganin taga.

Na fita na bar shi da hannu a sama. Allah ya gani.

Litinin 25 ga Agusta, da hantsi

Ya ƙi kunu jiya, ya ƙi magani. Ya datse haƙora yana nuna ɗakin. Yau ma haka. Mutumin da bai taɓa yarda da rahoton ɗalibi ba sai ya je ya gani da idonsa, shi muke so mu rufe da "lafiya".

Na goya shi. Yaya ta tare hanya tana Emma, Emma, na ce matsa. Ta matsa.

Na shiga da shi. Kanta babu komai, sai shatin inda bututan suka kwanta a ƙura. Na ji numfashinsa a wuyana. Na ce, "Baba, an juye su a buhu. Uku ne suka tsira, suna wajen Dokta, har da na Chadi mai zurfin." Hannunsa ya shaƙe mini wuyan riga. Ƙirjinsa ya yi ta hawa da sauka a bayana, wani gurnani yana fita, sai na ji ya ce:

"Wa?"

A fili. Kalmar farko tun da ya faɗi.

Gwaggo tana bakin ƙofa. Ta saki guɗa har kaji suka watse. "Ya yi magana! Ebenezer ya yi magana! Ban faɗa muku ba? An kwance ƙasa, baki ya kwance!" Ta fita layi da gudu ba ɗankwali tana kiran maƙwabta.

Shi kuwa sai maimaitawa yake. Wa. Wa.

Litinin, da la'asar

Gidan cike yake da mata. An yanka kazar, ana dafa shinkafar godiya. Kowa ya shigo sai ya leƙa ɗaki ya ce, "Farfesa, yi magana mu ji," shi kuma ya ce wa, su tafa.

Na rufe ƙofar na zauna a gefen gadon. Yaya ta shigo ta tsaya a jikin bango, idonta ya kumbura. Baba ya kalle ta, ya kalle ni, ya sake tambaya.

Sunanta yana bakina. Mako guda ina ɗauke da shi, ya yi mini nauyi kamar dutse. Na ga ta buɗe baki za ta faɗa da kanta. Na tuna wanda ya cire makulli daga wuyansa ya ba ta.

Na ce, "Mu ne, Baba. 'Ya'yanka."

Ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya juya fuska bango. A waje sun ɗauki waƙa.

Talata 26 ga Agusta, da safe

Yau bai nuna ba. Na tsaya da kofin kunu ina jira ya ɗaga hannun.